Wa ke jinyar ɗalibin jinya? Muhawarar 'yan Arewa masu karatun nas a Legas

Ummin Agege: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun ranar Talata abin yake cina. Ina aji biyu, an tura mu fostin, wato aikin koyo, a ɗakin mata a wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Akwai wata tsohuwa a gado na huɗu, kwana tara ina ba ta koko da cokali saboda hannunta na dama ya daina aiki. Ba ta jin Turanci, ni kuma Yarbancina bai wuce na sayen tattasai ba, amma mun saba. In na shigo sai ta ɗaga hannun hagu. Daren Litinin wajen ƙarfe uku ta cika, ina tsaye a kanta. Sistar da ke dutin ta duba agogo, ta ce in jawo labule in kawo ruwa mu gyara ta. Na yi duk abin da aka ce, hannuna ko rawa bai yi ba, har aka yaba mini. Da safe na hau danfo, ban farga ba sai da kwandasta ya taɓa ni ya ce an zo ƙarshen hanya. Na wuce tashar unguwarmu ban sani ba.

Abin da ya sa na kawo maganar: washegari wata 'yar ajinmu Bayarabiya ta kalle ni sau ɗaya ta ja ni wajen mai shayi a bakin get. Ta sa aka haɗa mini shayi da biredi, ba ta tambaye ni komai ba. Sai da na sha rabi ta ce, "Na farko ne ko?" Nan na fashe da kuka. Ita nata na farkon jariri ne. Mun fi awa ɗaya a kan bencin nan. To ni tambayata, me ya sa sai an yi dace? Da ba ta lura ba fa? Me zai hana mu da ke nan mu tsara abin, kowace ƙarama ta san wa za ta kira?

Maryam sabuwar shiga: Wa alaikumus salam. Yaya Ummi kin tsorata ni wallahi. Ni ko wod ba mu fara shiga ba, jarrabawar PTS ta share fagen karatu kawai nake gani a mafarki.

Anti Sista Idi-Araba: Allah ya jiƙanta in Musulma ce, ya ba ki ladan kokon. Ummi 'yata, abin da ya same ki babu nas ɗin da bai same ta ba, sai dai wadda ta manta ko take ɓoyewa. Shekarata 23 a aikin nan, har yau ina iya gaya miki kalar zanen da ke jikin na farkon da ya rasu a hannuna. Kuma kada ki riƙe sistar nan a rai don ta duba agogo. Dole a rubuta lokaci, kuma akwai sauran gadaje suna jiranta. Mu a zamaninmu ba a zama a yi maganar, cewa ake ki wanke fuska ki dawo. Mun dawo ɗin, amma na san waɗanda suka dawo da zuciya kamar dutse, su ne yau kuke kuka da tsawarsu.

Sadiq aji uku: Anti, da girmamawa, ni kalmar "juriya" ɗin nan ta fara ba ni haushi. Duk lokacin da aka rasa abin yi mana sai a tara mu a ce mu koyi juriya. Ɗalibi ya sayi safar hannu da kuɗinsa, ya yi aikin da ma'aikaci biyu ya kamata su yi saboda rabin wod ɗin sun tafi Ingila da Saudiyya, ya biya kuɗin mota da ya ninninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sannan a ce matsalarsa rashin juriya ce? In jaki ya durƙushe ba wa'azi ake masa ba, kaya ake rage masa. Ku duba, a Fabrairun 2024 da hukumar NMCN mai kula da aikin nas da ungozoma ta ce sai nas ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardu zuwa waje, a kan titi nas-nas suka fito a Abuja da nan Legas. Ranar 30 ga Yulin 2025 ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta NANNM ta shiga yajin aikin gargaɗi a faɗin ƙasa. Waɗannan ba shan shayi suka yi a benci ba. Ina tsoron mu kafa zauren lallashin juna, manya su ce alhamdu lillahi, yara sun samo wa kansu magani.

Ummin Agege: Sadiq, to ranar Talatar nan da na wuce tasha, yajin aiki ne zai mayar da ni gida?

Sadiq aji uku: Ban ce kada a yi ba. Na ce kada a tsaya nan.

Anti Sista Idi-Araba: Kai Sadiq ka iya magana, kuma rabin abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma bari in ba ka labarin 2014, lokacin kana firamare. Ranar 20 ga Yuli Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin Ikeja daga Laberiya da cutar Ebola. Dokta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Nas Justina Ejelonu, yarinya ƙarama da ba ta daɗe da kama aiki a wurin ba, ita ma ta tafi. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, sai 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mun fita. Wannan shi ne abin da ke rubuce. Abin da ba a rubuta ba, in ka hau mota da farin kaya mutane matsawa suke. Maƙwabciyata ta hana 'ya'yanta shiga ɗakina. Da asuba 'yan'uwa daga Kano suna ta bugo waya wai in yi wanka da ruwan gishiri in sha, ni da nake nas! Mu biyar muka yi wa juna alkawari, kowace in ta isa gida ta auna zafin jikinta ta turo wa sauran. Lamba kawai, 36.8, 37.0, shi ke nan. Amma in ƙarfe goma ta yi ba a ga lambar wata ba, wayarta ba za ta huta ba. Mu biyar ɗin nan kuma mu ne muka tsaya tare muka ce ba za mu taɓa mai zazzaɓi ba sai an kawo kayan kariya, aka kawo. Da ba mu saba da juna a kan ma'aunin zafi ba, da ba mu iya haɗa baki a gaban manya ba. Wanda bai san damuwarka ba ba zai tsaya maka a ofis ba.

Sadiq aji uku: Na karɓi wannan, Anti. Amma a rubuta cewa zauren zai riƙa kai koke, ba kuka kaɗai ba.

Hafsy Mile 12: Ni dai ku bar ni a gefe. An taɓa yin irin wannan a ajinmu. Wata ta faɗi abin da ke damunta game da gidansu, cikin amana, a zauren WhatsApp na mutum takwas. Kafin sati hoton maganar ya zaga hostal, har wata siniya tana mata ba'a da shi a wod. Yarinyar ta koma ba ta magana da kowa. Mu Hausawan Legas kuma ƙwaya nawa ne mu? Wanda ke Agege sirikin na Alaba Rago ne, na Obalende ɗan'uwan na Idi-Araba ne. Ki yi tari a Mushin a ce miki sannu a Sakkwato. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Laraba 'yar Kafanchan: Hafsy ta faɗi gaskiya, kuma akwai wani sirrin da ya fi namu nauyi, na majinyata. Ummi ta kyauta da ba ta faɗi suna ko asibiti ba, amma na ga zaurukan da ake turo hoton ciwo, har da fuska, wai ana neman shawara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin majinyaci ba da izininsa ba, kuma a kan wannan ana iya korar ɗalibi. In za a yi, maganar zuciya a yi ta baki da baki. Waya a bar ta ga "ina kike, kin isa gida?" da tambayoyin jarrabawa.

Sai abu na biyu, kada a mai da shi na Hausawa zalla ko na Musulmi zalla. Ni Kirista ce, Hausa nake mafarki da ita, kuma wadda ta sayi shayin nan Bayarabiya ce. In muka killace kanmu mu ne da asara.

Ummin Agege: Haka ne Anti Laraba. Ita ce ma ta rubuta mini a bayan littafina: "E pele ma", "Nibo lo n dun yin?", wato sannu, ina ke miki ciwo. Ni kuma na rubuta mata namu. Jiya na ji ta tana ce wa wani dattijo mai sayar da albasa "Baba ina siwo?" Dariya ya yi har da tari.

Laraba 'yar Kafanchan: Tunda an zo kan harshe, bari in fito da abin da ban taɓa jin an tattauna ba, kuma ina ganin shi ne kayan da ɗalibin Arewa ke ɗauka shi kaɗai a garin nan. Tafinta. Duk asibitin da aka tura ki, da zarar an gane kina jin Hausa kin zama ta kowa. "A kira yarinyar nan mai Hausa." Da farko daɗi ne, likitoci sun san sunanki, majinyaci ya ga fuskarki ya saki jiki. Amma ku tuna me ake kiran ki ki faɗa.

Ina aji biyu aka kira ni daga ɗakin yara zuwa ɗakin maza. Wani matashi ne ɗan acaba, mota ta taka masa ƙafa, an kai shi wajen mai ɗori kwana goma kafin a kawo shi, ƙafar ta riga ta ruɓe. Likita ya ce da Turanci, cikin jimla ɗaya, sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba zai rasa ransa. Sannan duk suka juyo suna kallona. Yayansa na tsaye riƙe da hula a hannu. Ban san ta inda zan fara ba. A Turanci kalma ce ta littafi, a Hausa kuwa "za a yanke maka ƙafa" ce, ba ta da wani mayafi. Na yi ta kewaye, na ce ciwon ya yi nisa, na ce likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, likita yana cewa me ya sa maganar ta yi tsawo. Da na faɗa, yaron bai kalli likita ba, ni ya kalla ya ce, "Yaya, ke ma kin yarda a yi mini haka?" Shekarata 20 lokacin. Likita ya wuce gado na gaba, ni kuma na koma ɗakin yara na ci gaba da awon zafi kamar ba abin da ya faru. Babu lakcar da ta koya mana wannan, babu wanda ya tambaye ni daga baya. Yanzu in an kira wata ƙarama tafinta a inda nake, bin ta nake, ko ban ce uffan ba in tsaya a bayanta.

Sadiq aji uku: Innalillahi. Ni ma sau uku ke nan. Na ƙarshe sakamakon gwajin daji ne, mijin ya ja ni gefe ya ce kada in gaya wa matar. Likita kuma ya ce in gaya mata. Na tsaya a tsakiya kamar an dasa ni.

Hafsy Mile 12: To wannan kam ban san kowa na fama da shi ba. Na zaci ni ce mai raunin zuciya.

Baban Khadija Alaba Rago: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba ɗan boko ba ne, 'yata ce ta sa ni a nan don in riƙa ganin sanarwar makaranta. Ina karantawa jikina ya yi sanyi. Mu a gida abin da muka sani, yarinya ta dawo ta shige ɗaki, a ce mata ta fito ta taya uwarta aiki. Da na sa ta karatun nan 'yan'uwana har daga gida suka yi ta magana, wai mace mai kwanan asibiti wa zai aure ta. Na toshe kunne saboda na ga yadda matanmu ke wahala in ba mace a ɗakin haihuwa. Amma ni a ganina maganin duk wannan addu'a ce da haƙuri. Mutuwa ta Allah ce. Mu da muke fatauci mun ga gawa a hanya ba adadi, ba mu zauna an yi mana taro ba.

Yaya Auwal nas ɗin ƙwaƙwalwa: Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri da ka tsaya wa Khadija. Ba wanda zai ja da addu'a. Amma Baba, in an yi rasuwa a Alaba Rago ai ba a barin mai rashi shi kaɗai da carbi. Ana shimfiɗa tabarma, a zauna da shi kwana uku, a kawo abinci. Yaran nan suna ganin rasuwa a sati fiye da yadda wani ke gani a shekara, kuma ba mai ce musu ya haƙuri. Tabarmar kawai suke nema.

Ga masu son tsarawa, ba sabon abu ba ne. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki, har wasu ƙasashe suka ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsarin taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, kuma kalma uku ne ginshiƙinsa: ka lura, ka saurara, ka haɗa shi da inda zai sami taimako. Ta ukun nan ita nake so ku riƙe, don a nan ɗalibai ke kuskure. Ƙawa ba likita ba ce. In kin ga ta yi sati biyu ba barci ba cin abinci, ta daina zuwa aji, ko ta fara shan maganin barci ko na kashe zafi daga wod, ko ta ce gara ta mutu ta huta, wannan ya wuce shayi. Ranar nan ba a riƙe amana, a gaya wa babba a raka ta. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Yaba, asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH suna da sashen, kuma a LUTH aka fara shirin SURPIN a 2017 don masu tunanin kashe kansu. Na san abin da sunan Yaba ke nufi a bakin 'yan Legas, wato hauka, shi ya sa mutum zai gwammace ya mutu a ɗaki. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma bakin mutane bai canza da sa hannu ba. Wanda ya ga a haɗa da ruƙiyya ya haɗa, ban hana ba, kada dai ta hana zuwa asibiti.

Sadiq, wani abu da zai maka daɗi: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ma'aikaci, wato gajiyar da ke sa mutum ya tsani aikinsa ya daina jin tausayi, a matsayin abin da yanayin wurin aiki ke haifarwa. Ba ta ce lalaci ba ne.

Sadiq aji uku: Yauwa! A buga wannan a manna a ƙofar ofis.

Baban Khadija Alaba Rago: Malam Auwal ka ɗaure ni da maganar tabarma. Yau in ta dawo zan ce uwarta ta bar ta ta yi barci tukuna. In kuna neman wurin zama, akwai rumfa a bayan shagona, amma da nisa daga makarantunku.

Hafsy Mile 12: Har yanzu ban ji amsar gulma ba fa.

Anti Sista Idi-Araba: Ba ta da amsar da za ta gamsar da ke ɗari bisa ɗari, Hafsatu. Mutane ne. Abin da na gani yana aiki shi ne ƙanƙanta: bibbiyu, babba da ƙarama, kuma ƙaramar ce za ta zaɓa, ba a ɗora mata ba. In magana ta fita an san bakin da ta fito. Kuma ba dole sai an tona ciki ba. Rabin taimakon a hannu yake. Ki tsaya ta gwada awon hawan jini a damtsenki sau goma kafin jarrabawar firaktikal ta OSCE, ki riƙe mata agogo tana shimfiɗa gado, ki nuna mata yadda ake cike littafin firaktikal kafin a neme shi. Wadda ta zauna kika soka mata tambayoyin jarrabawar Kansil, wato ta NMCN, har sha biyun dare, wata rana da kanta za ta gaya miki abin da ke ranta. In ba ta faɗa ba ma ta ci jarrabawa.

Ku kuma manyan aji, ban da mulki. Na san halinku, an ba ku ƙanwa ku mai da ita mai wankin yunifom.

Sadiq aji uku: Mu maza fa? A ajinmu mu shida ne, Bahaushe ni kaɗai. A unguwa "likita" suke ce mini, in na gyara na ce nas sai a yi shiru kamar na faɗi abin kunya.

Yaya Auwal nas ɗin ƙwaƙwalwa: Shekara 11 ana yi mini wannan shirun. Ka neme ni, ina Yaba ran Asabar.

Ummin Agege: To ga abin da na tsinta. Asabar mai zuwa bayan la'asar, waɗanda ba su da duti mu haɗu, Anti Sista ta ce tsakar gidanta ya ishe mu. Ba ɗaukar hoto, ba sunan majinyaci. Kowa ya zo da ɗari biyar a fara asusun kuɗin mota, don na san mutum biyu da suka fasa zuwa fostin makon jiya saboda babu na danfo. Sadiq zai rubuta koken safar hannu da na tafinta mu gani kafin a kai. Zan gayyato ƙawata mai shayi.

Hafsy Mile 12: Zan zo, amma ba zan yi magana ba. Kallo zan yi.

Laraba 'yar Kafanchan: Ina dutin dare ranar, zan leƙo in wuce kafin shida. 'Yan Agege, in jirgin ƙasa na jan layi yana aiki a lokacin ku sauka Mushin, ya fi muku goslon Oshodi.

Maryam sabuwar shiga: Anti, ni fa na faɗi gwajin anatomi na farko, 38 na samu, ko a gida ban faɗa ba. In zo, ko sai waɗanda suka fara shiga wod?

Anti Sista Idi-Araba: Ki zo da takardar gwajin da littafinki. Ƙasusuwa ne ko jijiyoyi?

Maryam sabuwar shiga: Ƙasusuwan hannu, Anti. Ƙananan nan takwas na wuyan hannu.

Sadiq aji uku: Su ne suka kusa korata ni ma. Ina da waƙar da na haɗa musu da Hausa, amma sai an yi alkawari ba wanda zai ɗauka a waya.